Kina da Juna Biyu? Ga Abin da Ya Kamata Ki Sani

Yaushe zan fara zuwa awo?

Da zarar kin tabbatar ciki ya shiga, kada ki jira sai ya fito. Kunyar cikin fari kan sa wasu su yi shiru har wata shida, alhali ungozomar asibiti ba surukarki ba ce. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar zuwa awo sau 8, na farko cikin makonni 12 na farkon ciki. Za ki ce lafiyarki ƙalau. Ai hawan jini ba ya sallama. Awo ne ke gano shi kafin ya kai ga jijjiga.

Ƙwayoyin da ake bayarwa fa?

Na ƙarin jini ne, masu ɗauke da sinadarin ayan da folik asid, wanda ke taimakawa wajen haɗuwar ƙwaƙwalwa da lakar bayan jariri. Kullum ake sha. Idan bayan gidanki ya yi baƙi, aikin maganin ne, kada ki tsorata. Sai dai kada ki kora da shayi, domin yana rage abin da jiki zai tsotsa. Wai suna sa ɗa ya yi girman da haihuwa za ta gagara? Ba haka ba ne. Rashin jinin shi ne abin tsoro ranar naƙuda.

Akwai kuma Fansidar na rigakafin zazzaɓin cizon sauro, daga mako na 13, aƙalla sau 3, wata guda tsakani. Ki riƙa kwana cikin gidan sauro.

Sai mai kuɗi ke cin abinci mai kyau?

A'a. Wake, zogale, alayyahu, gyaɗa, kifi da ƙwai duk suna kasuwar unguwa. Nonon da za ki dama fura da shi ya zama wanda aka tafasa madararsa. Rage goro. Jiƙe-jiƙen "maganin zaƙi" kuwa, ba wanda ya san adadin abin da ke ciki, ki bar su.

Aikin gida?

Ki yi, tafiya ma na da amfani. Ɗaukar kaya masu nauyi dai a bar wa wani.

Me zai sa in tafi asibiti nan take?

Zubar jini, ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannu, zazzaɓi, fashewar faya kafin lokaci, ko raguwar motsin ɗa. Ko tsakar dare ne, a tafi. Tun yanzu ku shirya da maigida kuɗin mota da wanda zai ba da jini in an buƙata.