Gadon Pilates: Ya Cancanci Kuɗin da Ake Biya?

Ma'aikacin da ke wuni bisa kujerar biro da ɗan kasuwan da ke zaune cikin rumfa tun safe har magariba, kukansu ɗaya ne: ciwon baya. Hukumar lafiya ta duniya OMS ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya. Shi ya sa a biranen Turai da Amurka jama'a ke biyan kuɗi masu yawa don wani motsa jiki da ake kira Pilates, wanda ake yi bisa wata na'ura mai suna reformer.

Sunan na wani Bajamushe ne, Joseph Pilates, haifaffen 1883. Yaƙin duniya na farko ya riske shi a Ingila, aka tsare shi tare da sauran Jamusawa, inda ya riƙa koya wa abokan tsaronsa motsa jiki. Daga baya ya ƙaura zuwa birnin New York, ya buɗe wurin horo wanda masu rawa suka fi zuwa. Ya rasu a 1967.

Na'urar kamar gado ce siririya. Bisanta akwai katako mai laushi da ke zamewa gaba da baya bisa ƙananan tayoyi, an ɗaure shi da wayoyin ƙarfe masu murɗi irin na gadon ƙarfe. Mutum ya kwanta, ya tura da ƙafa ko ya ja igiya da hannu, sannu a hankali, yana lura da numfashinsa. Malami kan ƙara wayoyin ko ya rage su daidai ƙarfin almajiri. Amfaninta a bayyane yake: tana ƙarfafa naman ciki da na baya da ke riƙe da ƙashin gadon baya, tana sassauta jiki, kuma ba ta bugun gwiwa kamar gudu.

To amma magana ta gaskiya ita ce: binciken da ƙungiyar Cochrane ta tattara a 2015 ya nuna Pilates ya fi zaman banza ga mai ciwon baya, sai dai bai nuna ya fi sauran motsa jiki ba. Ba kuma shi ne maganin tumbi ba. OMS na son baligi ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, irin tafiya da sauri, da kwana 2 na ƙarfafa tsoka. Pilates rabo na biyu yake cikawa.

Saboda haka wanda ya samu hali da ƙwararren malami, babu laifi ya gwada. Wanda bai samu ba, da yawan darussan Pilates a ƙasa ake yinsu, tabarma ta wadatar. Mai ciwon da ke sauka cikin ƙafa ko mai juna biyu, sai ya fara ganin likita. Abin da baya ke bukata shi ne naci, mako bayan mako.