Fitilar Fanel a Ofis da Kanti: Abin Dubawa Kafin a Biya Kuɗi

Duk wanda ya shiga banki, ko asibitin kuɗi, ko ɗaya daga cikin sababbin manyan kantunan Kano da Kaduna da Abuja, ya ɗaga kai sama, zai ga doguwar fitilar nan mai cok da sitata, wadda sai ta yi ta ƙifce-ƙifce kafin ta kama, ta kusa zama tarihi. A gurbinta yanzu akwai wani farin faifai mai kusurwa huɗu, shafe da silin, yana zubo haske bai ɗaya. Fitilar fanel ke nan, 'yar gidan LED. A shagon mai kayan wuta duk kamarsu ɗaya: fari fat, firam na alminiyam, kwali mai rubutun Turanci. Sai an ɗaura su an yi wata shida ake gane ba uwarsu ɗaya ba. Wata tana nan garau, wata ta yi rawaya a tsakiya, wata kuwa ta koma ƙyaftawa kamar tsohuwar da ta gada.

Doguwar fitila dai kwananta ya ƙare ko ana so ko ba a so. Akwai sinadarin zaiba a cikinta, mai guba ne in ta fashe, shi ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da sababbinta kasuwa tun watan Agustan 2023. A ƙarshen wannan shekara kuma ƙasashen da ke cikin Yarjejeniyar Minamata, har da Najeriya da Nijar, suka amince a taronsu na Janeba cewa a daina ƙera ta da cinikinta tsakanin ƙasashe zuwa 2027. Amma abin da ya fi saurin shawo kan mai ofis a nan gida shi ne takardar kuɗin wuta. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga farashin yunit ɗaya ga 'yan rukunin Band A daga wajen naira 68 zuwa naira 225, kafin a ɗan sassauta zuwa naira 200 da 'yan kai. Ga kuma tsadar man janareto tun da aka cire tallafi a 2023.

Lissafin ba shi da wuya. A ɗauki ofis mai gurbin fitila 20. Tsohon akwatin silin mai dogayen ƙwai huɗu, kowanne wat 18, yana cin wat 72, in aka haɗa da abin da cok ke sha sai ya kai wajen 85. Fanel mai faɗin santimita 60 da tsawon 60, wanda zai maye gurbinsa ba tare da ɗakin ya dushe ba, ba ya wuce wat 40. Rarar wat 45 sau 20, wat 900 ke nan. In ana kunna su awa 10 a rana, kwana 26 a wata, an tsira da yunit 234, wato sama da naira 46,000 kowane wata a farashin Band A na 2024. Na'urar sanyaya ɗaki ma ta samu sauƙi, domin duk wat ɗin da fitila ta ci zafi yake komawa a cikin ɗakin.

Asalin wannan haske daga Japan ne. Jar LED ta samu tun 1962 a Amurka, a hannun Nick Holonyak, amma shuɗiya mai ƙarfi ta gagari masana har farkon shekarun 1990, lokacin da Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura suka cim mata, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2014. Farin hasken da ke cikin fanel shuɗin ne aka lulluɓe da wani sinadari rawaya, haɗuwarsu ta ba da fari.

Tarko na farko da mai saye ke faɗawa shi ne tambayar da kowa ya saba da ita: wat nawa ce? Wat ma'aunin wutar da fitila ke ci ne. Hasken da take bayarwa kuwa da lumen ake auna shi. Fanel mai kyau na wat 36 zuwa 40 yana ba da lumen 3,600 zuwa 4,000 ko fiye, wato aƙalla lumen 100 a kan kowane wat. Wani kuma an buga masa wat 48 ɓaro-ɓaro a kwali, amma haskensa bai kai na mai wat 36 ba, ko don ƙwayoyin LED ɗinsa marasa inganci ne, ko don lambar da aka buga ɗin ma ba gaskiya ba ce. Kwalin da bai faɗi lumen ba ya riga ya faɗi wani abu game da kansa. Wat ɗin kuwa ana iya tabbatar da shi nan take da ƙaramar mitar nan da ake sokawa a soket.

Guda nawa ɗaki ke buƙata? Nan ma akwai ma'auni, sunansa lakis, wato yawan lumen da ke sauka a kan kowace murabba'in mita. Ƙa'idar Turai ta hasken wuraren aiki, EN 12464-1, wadda injiniyoyi da yawa ke dogara da ita, ta ce teburin rubutu da karatu da aikin kwamfuta yana son lakis 500, wurin adana fayil da kwafin takardu 300, baranda 100, teburin zanen gini kuwa 750. A kanti, filin baje kaya yana son 300, wurin karɓar kuɗi 500. Ofis mai mita 5 da mita 6 yana da murabba'in mita 30, saboda haka yana son lumen 15,000 a kan tebura. Sai dai ba duk hasken da ya bar silin ke isa tebur ba. Bango yana shanye wani, ƙura da tsufa suna rage wani, har abin da ke isa bai fi rabi da ɗan kai ba. Da wannan, ɗakin zai ci fanel 6 zuwa 8 masu lumen 4,000, gwargwadon tsayin silin da launin fenti. Farin bango yana rage yawan fitilun da za a saya. Bango mai duhu ko mai katako yana ƙara su.

Sai launin hasken, wanda ake rubutawa da lamba da harafin K. Mai 3000K yana da ɗan ja-ja irin na tsohon ƙwan lantarki, ya dace da otal da gidan abinci da ɗakin baƙi. Mai 6500K fari ne tas har yana ɗaukar shuɗi, kuma shi ya cika kasuwanninmu, don a ido yana kama da ya fi haske ko da lumen ɗinsu ɗaya da na kusa da shi. Ga wanda zai wuni a ƙarƙashinta yana duba takardu, 4000K ya fi daɗin zama, shi ne kuma masu tsara ofisoshi suka fi zaɓa. Abin da bai kamata a yi ba sam shi ne gauraya launi biyu a ɗaki ɗaya.

Akwai wata lamba da mai sayar da yadi ya kamata ya fi kowa damuwa da ita. Ita ce CRI, ma'aunin yadda fitila ke nuna launin abu kamar yadda yake a hasken rana, daga ƙasa har zuwa 100. Kowa ya san al'adar masu sayayya a Kantin Kwari ta jawo atamfa ko shadda zuwa bakin ƙofa don su ga launinta na ainihi. Fitila mai ƙaramin CRI ce ke sa ja ya koma kamar ƙasa-ƙasa, ruwan goro ya rikiɗe. Ga ofis, 80 ya isa. Ga shagon yadi da leshi, da tela, da mai kayan kwalliya, da ɗakin duba marasa lafiya, gara a nemi 90, ko da ya ɗan fi tsada.

Ma'aikacin da ke gaban kwamfuta kuwa, abin da ke damunsa shi ne ƙyallin da ke dukan ido ko ya faɗo a kan gilashin na'urarsa. Ma'aunin wannan shi ne UGR, kuma ga ofis ana son kada ya wuce 19. Fanel ɗin da aka yi don haka fuskarsa tana da ƙananan ƙwayoyi in an shafa, suna tura hasken ƙasa maimakon ya bazu cikin idon mutane.

A ciki, fanel iri biyu ne. Akwai siriri wanda ƙwayoyin LED ɗinsa ke jere a gefen firam, wani faifan roba mai kama da gilashi yana watsa hasken zuwa tsakiya. Akwai kuma mai ɗan kauri wanda ƙwayoyinsa ke baya suna haskowa kai tsaye. Siririn ya fi kyan gani, ya kuma dace da silin da ba shi da sarari a sama, amma lafiyarsa ta dogara da irin robar faifan. In PMMA ce, tana daɗewa garau. In PS ce mai araha, zafi yana mayar da ita rawaya, shi ne tabon da ake gani a tsakiyar fanel ɗin wasu ofisoshi, kuma ba ya gyaruwa. Mai kaurin ba shi da wannan faifai, don haka ya tsira daga wannan cuta, sau da yawa ma ya fi ba da haske a kan kowane wat.

Duk da haka, abin da ke yanke wa fanel tsawon kwana ba a fuskarsa yake ba. Wani ƙaramin akwati ne da ke kwance a bayansa cikin silin, wanda masu wayarin ke kira direba. Aikinsa shi ne karɓar wutar layi ya mayar da ita daidai da buƙatar ƙwayoyin LED. Awa 50,000 da ake bugawa a kwali, wadda a awa 10 kowace rana ta haura shekara 13, magana ce ta ƙwayoyin, kuma ma'anarta lokacin da haskensu zai ragu zuwa kashi 70 cikin ɗari. Direba mara kyau ba ya kai ko kusa da haka. A cikinsa akwai kafasito masu ruwa, waɗanda masana lantarki suka daɗe da sanin cewa duk ƙarin zafi na digiri 10 yana raba kwanansu biyu. A tuna yadda cikin silin yake a ƙarƙashin kwano a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ko Zinder, lokacin da inuwa ma ta haura digiri 40. Ga kuma wutar da ke yin ƙasa da yamma, ta dawo da ƙarfi bayan an ɗauke, ga sauyi daga layi zuwa janareto sau da yawa a yini.

Saboda haka direba ya cancanci a juya shi a karanta. Wanda aka rubuta wa bolt 220 zuwa 240 an yi shi ne don ƙasashen da wutarsu ba ta rawa. Wanda ke karɓar bolt daga wajen 100 zuwa 265 ya fi jure halinmu. Lambar PF kuma ta zama 0.9 ko sama. Mai 0.5 yana ɗora wa inbata ko janareto nauyi kusan ninki biyu na wat ɗin da aka rubuta, abin da mai sola zai ji a jikinsa. Direba mai araha yana kuma barin haske yana rawa sau 100 a daƙiƙa, ido ba ya kama shi amma wasu mutane suna tashi da ciwon kai da gajiyar ido. Kyamarar waya tana tona wannan asiri: a saita ta a ɗaukar bidiyo mai tafiyar hawainiya, in aka ga baƙaƙen layuka suna gudu, a ajiye fanel ɗin. Araha ba ta ado. A kuma zaɓi fanel ɗin da direbansa ke ciruwa da filogi, domin ran da ya mutu a sauya shi kaɗai, da wani mai lambobi iri ɗaya da nasa.

Wajen ɗaurawa, silin ne ke faɗin hanya. Silin mai ragar ƙarfe girman tayil ɗinsa daidai yake da na fanel, ana cire tayil ɗaya a kwantar da fitila a gurbinsa. Silin POP yana son a yanka rami a sa firam, ko a ɗaura akwatin firam a fuskarsa. Siminti tsagwaro kuwa sai akwatin firam ko a rataye fanel da siraran wayoyin ƙarfe. A kowane hali, ya kamata a ɗaure fanel da wayar tsaro zuwa katako ko ƙarfen rufi, kada nauyinsa ya dogara da silin kawai, kuma kada a lulluɓe direba da soso ko audugar hana zafi.

Kurakuran da aka fi gani ƙanana ne. Murɗa waya biyu a naɗe da salatif maimakon a sa mahaɗi mai kusa, wanda kan yi zafi a ɓoye cikin silin har ya jawo gobara. Sa makunni a kan wayar da ba ta ɗauke da wuta, shi ya sa wasu fitilu ke ci gaba da ɗan haske bayan an kashe su. Jera fanel masu yawa a kan bireka ɗaya, alhali kowane direba yana zuƙar wuta da ƙarfi a daidai lokacin kunnawa, sai bireka ta yi ta faɗuwa da safe ana zargin kamfanin wuta. Raba makunnai ma dabara ce: layin da ke kusa da taga ya samu nasa, don a kashe shi da rana. A allon rarraba wuta a sa na'urar tare bugun wuta, a matakala da hanyar fita a sa fanel mai batir da zai riƙe haske in an ɗauke. Kicin da banɗaki suna son mai lambar IP44 ko sama saboda tururi, kuma fanel mai rufaffen baya ya fi hana ƙurar hunturu da ƙwari taruwa a ciki.

A Najeriya, hukumar NEMSA ce ke ba masu aikin wayarin shaidar ƙwarewa, SON kuma ita ke da alhakin ingancin kayan da ake shigowa da su ta tsarin SONCAP. Neman waɗannan takardu ba cin fuska ba ne ga mai aiki ko ɗan kasuwa. Mai ofis da zai sayi fanel 20 ko 50 ya fara da guda ɗaya, ya ɗaura shi a ɗakin da ya fi zafi, ya bar shi mako guda a kan wutar layi da ta janareto. In ya gamsu, ya sayi sauran daga kwali iri ɗaya, da rarar fanel biyu da direba uku na ajiya, ya kuma tabbatar an rubuta masa shekarun garanti a kan rasit.