Me ya sa kociyoyin ƙwallon sakandare a Amurka ba sa daɗewa?

Da zarar kakar wasa ta ƙare a watan Disamba, jaridun garuruwan Amurka kan cika da labarin babban kociyan da ya ajiye aiki ko aka sallama. Ana nufin mai horar da ƙungiyar makarantar sakandare a ƙwallon Amurka, wadda ake gudu da ita a hannu.

Galibinsu malaman aji ne. Horarwar ƙari ce, ladanta alawus na 'yan dubban daloli a shekara, kuma yawanci yarjejeniyar ta shekara ɗaya ce. Hukumar makaranta na iya ƙin sabunta ta ba tare da ta taɓa aikin koyarwar ba. Ga aikin ba hutu: atisaye, nazarin bidiyon wasanni, tara kuɗin kayan wasa, da iyayen da kowannensu ke ganin ɗansa ne gwani.

Inda kuɗi ya yi yawa kuma, haƙuri kan yi ƙaranci. Garin Allen na jihar Texas ya buɗe filin wasa na kusan dala miliyan 60 a 2012, mai cin mutum 18,000. Irin wannan gari ba ya jure shan kaye. Wanda ya yi nasara kuwa, babbar makaranta ce ke ɗauke shi, sau da yawa har da mataimakansa.

Yara ne ke shan wahalar, domin ɗalibi kan koyi sabon tsarin wasa daga baƙon kociya a shekarar da yake neman tallafin karatun jami'a.