Da Wane Laifi? Shari'ar Dattawa Biyar a Ingila

A shekarar 1626 yaƙi ya ƙafar da baitulmalin Sarki Charles na Ɗaya na Ingila, ga shi kuma ya rusa majalisa, wadda ita ke da ikon amincewa da sabon haraji. Sai ya ɗora wa masu hali rancen dole. Fiye da mutum 70 da suka ƙi biya aka jefa su kurkuku, ba tuhuma ba shari'a. A watan Nuwamba na 1627 biyar daga cikinsu, har da Thomas Darnell da Edmund Hampden, suka nemi babbar kotu ta ba da umarnin habeas corpus, wanda ke tilasta wa mai tsaron kurkuku ya gabatar da ɗaurarre gaban alƙali ya faɗi dalilin tsare shi. Amsar da aka kawo wa kotu a rubuce ba ta ambaci laifi ko ɗaya ba. Abin da ta ƙunsa kawai shi ne an tsare su bisa umarnin sarki na musamman.

Lauyan Hampden, John Selden, ya kafa hujja da yarjejeniyar Magna Carta ta 1215, wadda ta hana ɗaure ɗan ƙasa sai bisa doka. A ganina nan ne tushen haƙƙin kowane fursunan siyasa. Wanda aka tuhuma da sata yana iya kawo shaidu, ya nemi beli, ya san wa'adinsa. Wanda ba a faɗi laifinsa ba, me zai musa? Sai dai ya zauna har ranar da mai iko ya huce, ko mutuwa ta riga. Babban lauyan gwamnati, Robert Heath, ya ce akwai sirrin mulki da ba a tona shi a bainar jama'a, musamman idan ana bin sawun masu ƙulla makirci. Maganar tana da nauyi, amma wannan shari'ar da kanta ta rushe ta: mutanen nan ba su ƙulla komai ba, kuɗi suka hana. Ikon da aka nema don maganin maciya amana, a kan masu ƙin biyan harajin da doka ba ta sani ba ya sauka.

Wani zai ce ai wahalar banza lauyoyin suka yi, tunda alƙalai sun hana beli, shi kansa Selden kuma an ɗaure shi a 1629. Haka ne, amma shari'ar ta sa gwamnati ta furta a fili cewa tana iya ɗaure mutum ba dalili, abin da sabuwar majalisa ta ƙi haɗiyewa. Da ɗan majalisa Edward Coke a gaba, ta tsara Takardar Neman Haƙƙi, sarki ya amince da ita a Yunin 1628. Da masu mulki suka koma tura ɗaurarru tsibirai irin su Jersey don kauce wa kotu, dokar 1679 ta haramta hakan, ta kuma yanka tarar fam 500 ga alƙalin da ya ƙi ba da umarnin habeas corpus a lokacin hutun kotu.

Najeriya ta gaji wannan umarni daga dokar Ingila, ta kuma ga yadda Dokar Soja mai lamba 2 ta 1984 ta ba da damar tsare mutum ba shari'a. Kotu ba kullum take kuɓutar da ɗaurarre ba, amma gwamnatin da dole ta rubuta laifinsa ta kare shi gaban alƙali ba za ta iya mayar da kurkuku wurin adana 'yan adawa cikin sauƙi ba.