Mai Ƙara Ba Lauya: Matsayinsa a Shari'a da Hanyoyin Sauƙaƙa Masa a Kotunan Zariya

Gabatarwa

Da yawa daga cikin masu zuwa kotu a Samaru da Sabon Garin Zariya su suke tsaya wa kansu: matar da ke neman kuɗin ciyar da 'ya'yanta, ɗan hayar da aka ba wa'adin tashi, ɗan kasuwar da ke bin bashi. Wannan ba sabon abu ba ne, domin a zamanin kotunan En'e lauyoyi ba sa tsayawa gaban alƙali. Abin da ya sauya shi ne yanzu ɓangare guda na iya zuwa da lauya, ɗayan kuma ya zo shi kaɗai.

Tushen mas'alar

Hadisin Ummu Salama (Allah Ya yarda da ita), wanda Malik da Bukhari da Muslim suka ruwaito, ya nuna cewa wani yakan fi abokin shari'arsa iya tsara hujja, kuma wanda aka hukunta masa haƙƙin ɗan'uwansa ta wannan hanya, yankin wuta aka ba shi. Ke nan Shari'a ta san cewa iya magana daban, gaskiya daban. Haka nan wasiƙar Sayyidina Umar zuwa ga Abu Musal Ash'ari ta umarci alƙali da ya daidaita masu jayayya a zama da fuska, don kada mai ƙarfi ya yi kwaɗayin a karkata gare shi, kada mai rauni ya fid da rai.

Malaman Malikiyya sun mayar da wannan ƙa'idoji. Littafin Tuhfatul Hukkam na Ibn Asim, wanda alƙalan ƙasar Hausa suka daɗe suna dogaro da shi, ya yi bayanin rarrabe mai da'awa da wanda ake ƙara, domin hujja tana kan na farko, rantsuwa kan na biyu. Ya kuma kawo i'izari, wato alƙali ya tambayi wanda hukunci zai hau kansa ko yana da sauran hujja, ya ba shi wa'adin kawo ta.

Inda matsalar take

Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya tabbatar wa kowa haƙƙin a saurare shi, ya kuma ba wanda ake tuhuma da laifi damar kare kansa da kansa, da samun tafinta kyauta. Sai dai haƙƙin da mutum bai san shi ba, da wuya ya amfane shi. Wanda bai iya fayyace da'awarsa ba ana iya korar ƙararsa. Wanda bai san yana da damar sukar shaidu ba yakan yi shiru a wurin i'izari. Wanda bai san ɗaukaka ƙara tana da wa'adi ba yakan farga bayan lokaci ya ƙure. A Sabon Gari, inda ƙabilu suka cakuɗa tun zuwan jirgin ƙasa, akwai kuma ruɗanin harshe da na sanin kotun da ta dace: ta Shari'a, ta Majistare, ko ta Gargajiya.

Hanyoyin gyara

Na farko, alƙali ya bayyana wa ɓangarorin biyu matakan shari'a da harshen da suke ji, ba tare da ya ɗora wa kowa hujja a baki ba. Na biyu, a liƙa kuɗaɗen kotu da wa'adin ɗaukaka ƙara a ƙofar magatakarda da boko da ajami, domin toshe ƙofar 'yan kamasho. Na uku, Tsangayar Shari'a da Cibiyar Nazarin Shari'ar Musulunci ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Kongo suna iya tura ɗalibai, ƙarƙashin kulawar malamansu, su taimaka wajen rubuta ƙara. Na huɗu, limamai su sanar da jama'a Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda aka kafa a 1976 domin marasa galihu. Na biyar, a ƙarfafa sulhu, bisa sharaɗin kada ya zama hanyar tilasta wa mai rauni ya bar haƙƙinsa.

Kammalawa

Ɗaukar wakili halal ne, amma ba sharaɗi ba ne na samun adalci. Ma'aunin kotu shi ne abin da wanda ya shigo shi kaɗai yake fita da shi. Allah ne Mafi sani.