Gasar Su: Sa'a Ce, Asiri Ne, ko Ƙa'ida?

Duk lokacin da bidiyon bikin kamun kifi na Argungu ya zaga wayoyi a Gombe, hirar majalisa takan koma Dadin Kowa. Ga madatsar ruwa a kan kogin Gongola, a ƙaramar hukumar Yamaltu/Deba, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba daga cikin gari, ga masunta, ga tarwaɗa da karfasa da ake kawo mana kasuwa daga can. Me zai hana a shirya tamu gasar? Ina cikin masu wannan fata. Sai dai akwai maganganun da ake yi game da gasar su waɗanda ya kamata a tace kafin a kai ga sa rana.

Wadda aka fi ji ita ce wai gasar su ba ta da wata doka, kowa ya faɗa ruwa, mai rabo ya fito da babba. Wannan jita-jita ce, kuma hoton ne ke ruɗar mutane: dubban maza sun ruga cikin ruwa lokaci guda, sai a ɗauka hargitsi ne. Bikin Argungu, a siffar da aka san shi yanzu, ana danganta farkonsa da 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci garin bayan daɗaɗɗiyar gaba tsakanin Kabawa da Sakkwato. Ƙa'idojinsa kuwa a bayyane suke. Wurin da ake gasar a kogin Matan Fada ba a yin su a cikinsa sai lokacin biki, kuma Sarkin Ruwa ne ke tsare da shi. Kayan aiki iri ɗaya ne ga kowa: homa da gora. Ba taru, ba birgi, ba jirgi mai inji. Ba a shiga sai an ba da alama, lokacin kuma ƙayyadadde ne, kamar awa guda. Daga nan sai sikeli ya yi hukunci. Attajiri da talaka homa ɗaya suke riƙewa, kuma bikin ya yi ƙima har UNESCO ta sa shi a jerin al'adun gadon ɗan Adam a 2016.

Sa'a tana da nata gurbin, babu musu. Amma wanda ya taɓa tsayawa kusa da masunci ya ga yadda yake kwanciya a kan gora, yana buɗe homa da hannu biyu, yana nutso ya lalubo gurbin da giwan ruwa ke fakewa, ya san ba rabo kaɗai ke aiki ba. Kifin da ya ci gasar Argungu ta 2020 kilo 78 ne. Fito da dabba mai nauyin ƙaton namiji, tana raye tana bugu, aikin ƙarfi ne da sanin ruwa.

Sai batun asiri. Wasu na cewa tsatsuba ce ke tara manyan kifaye a Matan Fada. Akwai al'adun da Sarkin Ruwa da mutanensa ke yi kafin a buɗe ruwan, kuma mutanen wurin suna girmama su. Abin da kowa zai iya tabbatarwa da idonsa shi ne: ruwan da aka bari ya huta tsawon shekara, kifinsa yakan samu damar girma ya kuma hayayyafa. Giwan ruwa ba ya kai kilo 70 a damina ɗaya ko biyu. Masana kiwon kifi a duniya suna amfani da wannan dabarar ta rufe ruwa na wani lokaci, Kabawa kuwa sun daɗe a kanta.

Maganar da ta fi damuna ita ce "ai sikeli ba ya ƙarya". Gaskiya ne sikeli yana faɗin nauyi, amma ba ya faɗin inda aka kamo kifin, ko abin da ke cikin cikinsa. A 2008, a Argungu ɗin nan, an ƙwace kambun wanda aka fara sanarwa ya yi nasara da kifi mai fiye da kilo 60, bayan da aka gano cewa kifin ya riga ya mutu kafin a fito da shi daga ruwa. Wato ba a cikin gasar aka kama shi ba. Dubban mutane sun shiga ruwa da gaskiyarsu, mutum ɗaya ya nemi ya kwashe ladan wahalarsu.

Masu cewa irin wannan halin namu ne mu kaɗai, a ƙasashen Turawa ba a yi, su ma ba su bi labari ba. Ranar 30 ga Satumba, 2022, a wata gasar fatsa a tafkin Erie, a birnin Cleveland na jihar Ohio a Amurka, shugaban gasar ya ga kifayen wasu 'yan takara biyu, Jacob Runyan da Chase Cominsky, sun yi nauyin da ya wuce girmansu. Ya sa wuƙa ya farka cikinsu a gaban jama'a, sai ga ƙwallayen dalma da yankakken naman wani kifin an cusa. Kyautar da suke hari ta haura dala 28,000. A 2023 suka amsa laifi a kotu, aka yanke musu kwana 10 a gidan yari da tara, aka ƙwace jirginsu, aka dakatar da lasisinsu na su na shekara uku. A wasu gasannin Amurka har na'urar gano ƙarya ake sa wa wanda ya yi nasara kafin a miƙa masa kyauta. Inda kyauta ta yi tsoka, kwaɗayi zai biyo ta, ko a Kebbi ko a Ohio. Kyautar Argungu ta 2020 ta haɗa da miliyoyin naira da mota da kujerar Makka.

Akwai kuma ƙorafin da ba zan kira shi jita-jita ba, domin yana da ƙamshin gaskiya: cewa rufe ruwa saboda gasa yana taɓa tukunyar masunci. Mutumin da ke ci da iyalinsa daga abin da komarsa ta kamo yau, ba a ce masa ya dakata wata da watanni haka kawai. A Argungu wani yanki ne na kogin ake killacewa, sauran ruwan a buɗe yake, kuma masu sarautar ruwa na garin ne ke riƙe da dokar, shi ya sa ake bin ta. Bikin Nwonyo na Ibi a Taraba da na Gorgoram a ƙasar Bade su ma a hannun mutanen ruwan suka tashi.

In har za a yi a Dadin Kowa, da masuntan wurin da sarakunansu za a fara zama, su nuna wane lungu ne za a iya hutar da shi ba tare da an kashe wa kowa kasuwa ba. A rubuta irin komar da aka yarda da ita, a hana gidan sauro da maganin ƙwari da wasu ke zubawa a ruwa. A tsare bakin ruwan tun daren jajibiri. A gwada sikelin a bainar jama'a, kuma kada mai awo ya zama ɗan'uwan ɗan takara. Duk kifin da ya shiga sahun farko a duba idonsa da jan naman da ke ƙarƙashin kunnensa don a san sabon kamu ne, sannan a farka cikinsa kafin a kira sunan kowa a lasifika.