Jirgin Togo, Mai Ran Ƙarfe

A Didawure, tsohuwar unguwar fatake ta Sokode a ƙasar Togo, a da labarin kasuwanci na jakuna ne da goro, a kan hanyar ƙasar Hausa zuwa Salaga. Da Jamusawa suka gama gadar sauke kaya ta Lome a 1904, sai haja ta riƙa shigowa ta teku, kamfanin Woermann na Hamburg kuwa shi ne ja-gaba. Wannan kamfani ne aka ƙera wa wani jirgin dakon kaya a Bremen a 1938, ya raɗa masa suna Togo, shekara 24 bayan ƙasar ta suɓuce wa Jamus. Da alama ran Bajamushe bai fita daga kanta ba.

Ana gab da fara Yaƙin Duniya na Biyu, jirgin yana Duwala, garin da ke hannun Faransa. Ya sulale zuwa Boma a kogin Kwango ya laɓe. Daga can ya kama hanya, ya kauce wa jiragen yaƙin Ingila da suka tare teku, sai ga shi a Hamburg a Nuwamban 1939.

Sojan ruwa suka karɓe shi. Aka mai da shi jirgin dasa nakiya, daga baya aka ɗora masa manyan bindigogi, aka kira shi Coronel, wai ya fita farautar 'yan'uwansa jiragen kasuwa. A Fabrairun 1943 ya gwada ratsa mashigin da ke tsakanin Ingila da Faransa, jiragen sama suka yi masa ruwan bom, ya juya gida bai nutsar da ko kwalekwale ba. Aka kafa masa na'urar hango jiragen sama a tekun Baltik, a 1945 kuma ya kwashi masu gudun sojan Rasha.

Bayan yaƙi ya zama ganima, ya faɗa hannun Norway yana jigilar sojoji da sunan Svalbard. Abin mamaki, a 1956 Jamusawa suka sake sayen abinsu, suka maido masa da sunansa na yanka, ya koma zirga-zirgar Afirka har shekara 12. Yana cikin wannan aikin Togo ta sami 'yancin kai a 1960.

Aka sayar da shi a 1968. A Nuwamban 1984, yana amsa sunan Topeka, iska ta maka shi a gaɓar Coatzacoalcos ta Meziko, ma'aikatansa biyu suka rasu.